Tubalin da Ba a Yaɓewa

Ni ban san baƙi ba. Ko a allo ban yi nisa ba, abin da zan yi salla da shi kawai na riƙe. Autata ce ke riƙe da alƙalami, ita ma ta fara furfura, kuma na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta sa shi yadda ya fito, kada ta gyara don maganar ta taɓa yayanta. Ta ce, "To, amma ki bar kukan tukuna, ba na jin abin da kike faɗa." Na ce kukan ma in yana rubutuwa ta rubuta. Tun da malam ya rasu, wato mijina, hawaye ba ya yi mini wuya, sai dai wannan ba kukan mutuwa ba ne. Na mutuwa ana zuwa a yi maka gaisuwa a kansa. Wannan kuwa in mutum ya yi sallama sai in goge ido in ce hayaƙi ne.

Ba a garin nan aka haife ni ba. Daga wajen Gafasa muka taso, ni da mahaifiyata Inna, bayan ta fita takabar babana. Gidan na 'yan'uwansa ne, gonar ma haka, ita kuma nata duk sun riga ta. Aka ce tana da wani kawu a Gaya, shi muka nufa a ƙasa, ita da ƙunshin kaya da tukunya a ka, ni da tabarma da wata 'yar akuya da ta fi ni ƙarfi. Ban san shekaruna ba, amma haƙoran gabana sun zube, sababbi ba su fito ba. A hanya muka ci karo da masu jakai suna dawowa daga kasuwar Gaya. Inna ta tambaye su kawun, suka ce ai ya daɗe da rasuwa, gidan ma ya watse. Sai ta ƙarasa gindin wata tsamiya a bakin wannan gari, ta sauke tukunyar, ta zauna. Ba ta yi gaba ba, ba ta yi baya ba. Ni kuwa yunwa kawai na sani, ina ta fama da akuya.

A gaban tsamiyar nan akwai wani sarari mai faɗi, sai ka ɗaga ido sosai kake hango gonaki a ƙarshensa. Fako ake ce masa, don ƙasarsa tauri gare ta, ko gero ba ya yi a cikinta. Ba wanda ya gaje shi, ba wanda ya saya. Can mata ke sussuka da kaka, ka ji taɓare suna amsa wa juna, wannan ta buga, waccan ta buga, wata ta wurga tata sama ta tafa hannu kafin ta dawo. Can ake shiƙa, ƙaiƙayi ya bi iska ya shiga wuyan yara su yi ta susa. Jakai su yi birgima, makiyaya su huta da shanu in za su wuce, samari su yi langa da yamma, ranar salla a share gefe guda a yi Idi. Yanzu in na kasa kunne ta wannan wajen, injin buga bulo nake ji da ƙarar babura. Turmi kam sai in yi kwana da kwanaki ban ji shi ba, kowa ya kai inji.

Wata tsohuwa cikin masu sussuka ce ta kawo mana ruwa a ƙwarya, ta dubi Inna, ba ta tambaye ta komai ba, ta aika aka kira mai unguwa. Ya zo da sandarsa, ɗan gajere mai farin gemu, ya tsaya daga nesa kaɗan.

Ya ce, "Baiwar Allah, ina za a?"

Inna ta ce, "Da dai Gaya ne, ranka ya daɗe."

"Akwai mai jiranki a can?"

"Babu."

"A baya fa?"

"Babu."

Ya ce, "To ai kin iso."

Ya shiga Fako, ya kafa bakin sandarsa a ƙasa, ya ja ta yana tafiya, ta bar layi a bayansa, har ya zagayo inda ya fara. Ya ce nan ne namu. Inna ta kwance bakin zane ta fito da goro guda da ya fara bushewa, shi ne duk abin da take da shi na kyauta. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɓara, ya raba wa waɗanda ke tsaye. Sannan ya yi wata magana da na ji tsofaffin garin nan suna maimaitawa har na girma. Ya ce, "Fako ba nawa ba ne balle in sayar, ba naki ba ne balle ki yi taƙama. Na wanda bai zo ba ne tukuna. Mu gadi muke yi masa."

A ɗakin tsohuwar nan muka zauna har aka gama kaka, sannan aka yi mana gayya. Maza suka haƙo jar ƙasa a kududdufi, suka zuba mata ciyawa, suka shiga da ƙafa suna cuɗawa, mu yara da mata muna ta ɗebo ruwa a tuluna. Har yau ina jin ƙarar ƙafa tana fita daga laka, da mai ganga yana zuga wanda ya fara gajiya. Tubali da hannu ake yin sa, a mulmula shi mai faɗin gindi da ɗan tsinin kai, a jera a rana kamar zabi sun kwanta. Wannan gida ya kawo ciyawar rufi, wancan ya kawo kara, wancan ya dama kunu. Ba wanda ya tambayi Inna ko 'yar wace ce ita. Amma da tubali ya bushe, aka haƙa gindin gini, sai kowa ya tsaya yana jiran mutum ɗaya. Al'adar Fako ce: wanda aka yanka wa fili na ƙarshe, shi zai yi tubalin farko na wanda ya biyo bayansa, da hannunsa, ya ajiye shi a gefen ƙofa. Kuma in an zo yaɓe, a yaɓe ko'ina a bar wannan tubali a buɗe, mai ɗaki ya riƙa ganinsa yana shiga yana fita.

Wanda ya riga mu wani Bafulatani ne dogo, da ciwo ya shiga garkensa ya bar shi da sanda kawai. Mutumin da ya tashi a ruga ina ya san tubali? Ya zo da nasa rungume a ƙirji kamar jariri, a karkace, gefe guda ya kumbura. Babban magini ya karɓa ya jujjuya shi.

Ya ce, "Baffa, wannan tubali ne, ko saniya ce ta wuce?"

Mutane suka tuntsire da dariya. Bafulatanin ya ce, "Da saniya ta rage mini, Kaɗo, da ba ka gan ni a nan ba. Sa shi haka nan."

Aka sa shi haka nan. Ya goge hannu a riga, ya juya wajen Inna ba tare da ya kalle ta ba, ya ce, "Ni na sauke. Yanzu yana kanki."

Bango ya tashi, maza suka ɗaga jinka gaba ɗaya suka ɗora, mata suka yi daɓe suna waƙa har ƙasar ɗakin ta yi santsi. Ranar da muka shiga, Inna ta kama hannuna a bakin ƙofa ta nuna mini karkataccen tubalin nan. Ta ce, "Duk ranar da kanki ya fara girma, ki durƙusa ki kalli wannan." A ranar ne na fara ganin ta yi kuka tun da muka bar gida. Da damina ta zagayo ta wuce, wani maƙeri ya zo da iyalinsa daga garin da rijiyarsu ta ƙafe, aka yanka masa kusa da mu. Inna ta yi ta mulmula tubali tana fasawa, ta yi ta fasawa, sai da ta sami wanda ya yi mata. Ta yafa zanenta mai kyau ta kai. Da ta dawo na ga tafiyarta ta canja, kamar wadda ta sauke itace.

Haka muka tashi a unguwar nan, kowane gida da tubalinsa a buɗe a gefen ƙofa, kuma kowa ya san na wane ne. In yara suka yi faɗa, wani ya ce wa wani baƙo, sai uwarsa ta jawo shi ta kunne ta kai shi bakin ƙofa. Ba a ƙara magana.

Ɗan Bafulatanin nan shi na aura, shi ne malam. Danga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, aka cire ta, shi ke nan. Allah ya ba mu namiji da fari. Ɗan fari kuwa kun san yadda muke da shi. Ba na faɗar sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ba na haɗa ido da shi. Da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi, a ɗakin nan mai karkataccen tubali ya yi wayo. Ita yake kira Inna, ni kuma Yaya, har gobe. In ina da magana da shi sai in ce wa ƙannensa, a gaya wa yaron nan kaza. Ina son sa fiye da yadda baki zai faɗa, amma daga nesa, kamar yadda ake jin ɗumin wuta. Matan yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa a tsakar gida, har su yi masa faɗa. Da ina ganin rashin ta ido ne. Yanzu ban sani ba.

Da ya isa aure gida ya yi mana kaɗan, sai mai unguwa na lokacin ya ja masa sanda a Fako. Wani wanzami ne ya yi masa tubalin farko, ya ce masa yanzu yana kanka, ni ina jin su daga bayan zana. Shi ne na ƙarshe. Bayan shi aka shimfiɗa kwalta, motoci suka fara tsayawa, bulo ya shigo, ƙasa ta yi kuɗi. Mai bukata in ya zo sai a ce masa ya dakata, ana shawara. Inna ta rasu. Tsofaffin da suka san sanda suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har malam. Shi kuwa yaron nan Allah ya buɗa masa. Ya fara da dillancin hatsi a kasuwa, ya koma na filaye, ya je Makka, ya kai ni ni ma, gari ya koma kiransa Alhaji. Tubalin yana kansa, ba wanda ya tuna masa, ni da ya kamata kuwa ba ni da bakin yi masa magana.

Wata shekara mutanen gwamnati suka zo suka zagaya abin da ya rage na Fako, suka kafa allon ƙarfe a gindin tsamiya. Auta ta karanta mini, ta ce ƙananan gidaje za a gina wa marasa ƙarfi, ɗaki biyu da banɗaki, mutum ya riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashi. Mata suka ɗauki zancen a bakin rijiya. Waɗanda ke cunkushe da 'ya'ya a ɗaki ɗaya suka fara zaɓar inda za su sa gado. Ni kuwa na yi murna, na ce ashe su ma sun san akwai wanda bai zo ba. Na aiki Auta, na ce a gaya wa yaron nan, ranar da za a fara ginin ya kai tubali ko da guda ne, ya sauke abin da ke kansa. Ta dawo ta ce ya yi dariya, ya ce Yaya da tsohon zance. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Allon ya yi tsatsa, awaki suka mai da shi abin susar jiki.

Daga nan sai igiya ta shigo. Wata safiya na ji motoci, na leƙa daga zaure, na ga mutane daga birni da manyan riguna, ana jan igiya a Fako ana kafa turaku. Ban ga fuskar mai riƙe da bakin igiyar ba, ido ya yi rauni, amma tafiyar malam na gani, wadda yaron nan ya gada, yadda yake ɗan jefa ƙafar hagu. Na koma ciki na ja ƙyaure. Aka yanka Fako gunduwa-gunduwa kamar nama ranar layya, sai dai wannan ba a kai wa maƙwabta ba. Aka sare tsamiyar. Kududdufin da ya gina garin nan aka cike shi da shara, shi ma aka sayar. Abin da ya fi ci mini rai, yawancin waɗanda suka saya ba su zauna ba. Sun zagaye da katanga sun sa ƙofar ƙarfe sun tafi, ciyawa ce ke kwana a ciki, suna jiran kuɗin ya ƙaru.

Ba a daɗe ba ya aiko magina gidana. Suka yi mini ɗakin bulo a tsakar gida, da tayil, da silin, da fanka, da katifa mai tudu. Mata suka riƙa shigowa kallo suna cewa Allah ya ba mu ɗa irin naki, ina cewa amin. Ban tambayi daga ina ba. Kuma ba zan yi ƙarya da wannan tsufan ba, na ji daɗin ɗakin, bayana ya rage ciwo, sauro ya rabu da ni. Ya so a rushe ɗakin Inna, wanda tun zamanin malam aka mai da rufinsa na kwano, ya ce ya ɓata gidan. Na aika na ce a bar shi, ina ajiye hatsi. Iyakar abin da na iya ke nan.

Damina ta bana ruwa ya yi yawa. Ta wajen Ajingi kogi ya ƙetare bakinsa ya shiga gidaje, ginin ƙasa ya riƙa zama a inda yake tsaye. Mutane suka taso da abin da suka iya ɗauka, aka sauke wasu a makarantar firamare ta garinmu, tunda yara suna hutu. Cikinsu wata mata ta riƙa shigowa gidana neman aikatau, wanki da surfe. Siririya ce, da goyo, da wasu yara biyu masu bin ta. Mijinta ya rasu tun bara. Bakinta ba ya ɓoye abin da ke cikinta. Ran nan tana wanki ina zaune a ƙofar sabon ɗaki, sai ta ɗago.

Ta ce, "Hajiya, don Allah ina ne Fako a garin nan?"

Na ce, "Me za ki yi da shi?"

Ta ce, "Kakata ce ta ba mu labari. Mu mutanen wajen Gafasa ne. Ta ce a zamaninsu wata mata ta bar garinmu da 'yarta da akuya, ba ta da kowa, ta zo nan aka ja mata fili da sanda, aka gina mata ɗaki, goro ɗaya ta bayar. Shi ya sa da aka ce mu hau mota na zaɓi ta nan. Na ce ko ba a gina mini ba, a nuna mini wurin, hannu gare ni."

Ta ci gaba da cuɗa zane.

"Na tambayi masu shayi a bakin titi, suka yi mini dariya. Suka ce in je wurin Alhaji dillali, amma in tafi da jaka, goro ba ya ciwuwa yanzu. Ga shi an ce hutu ya ƙare, mu fita daga aji." Ta matse zanen ta yarfe. "Wai shi wannan Alhajin, ba shi da uwa ne a garin nan?"

Na ce, "Yana da ita."

Ta ce, "To Allah ya ba ta haƙuri. Ko dai ba ta ji, ko ba ta gani."

Na tashi na shiga ɗaki. Tayil ɗin nan ya yi mini sanyi a tafin ƙafa kamar na taka kabari.

Washegari na zagaya bayan ɗakin Inna, inda ruwa ya zaftare ɗan gefen bango, na kwashi ƙasar da ta zubo. Ƙasar kududdufi ce ta asali, ba sauran irinta a garin nan sai a jikin tsofaffin gidaje. Na jiƙa, na zuba ciyawa, na cuɗa da hannu tunda ƙafa ba ta iyawa. Tubalin ya fito a karkace, ya fi na surukina muni. Na shanya shi a rumfa har ya bushe, na naɗe a mayafi, na kama hanyar gidan yaron nan. Ban taɓa taka gidan ba sai da suna ko rasuwa. Na same shi a ƙofa bayan la'asar, a kan darduma, da mutane kewaye da shi. Da suka gan ni suka gaishe ni suka zame. Ya miƙe, yana neman takalmi.

Na kira sunansa. Ba zan faɗe shi a nan ba, sau ɗayan ya isa. Tun da na haife shi bakina bai taɓa furta shi ba, har na ji shi baƙo a harshena. Shi ma sai ya koma ya zauna.

Na kwance mayafin na ce, "Ka san wannan?"

Ya ce, "Na sani, Yaya."

Na ce, "Wanda bai zo ba ya zo. Tana makaranta da 'ya'ya uku."

Ya mai da idonsa kan darduma. Ya ce, "Yaya, zamani ya canja. Gidajen nan da kike jira, shekara nawa allon ya yi a tsaye? Ko an gina su, wa kike zaton zai shiga? Masu hanya ne za su raba a tsakaninsu su sa haya. Kuma da ba mu sayar ba, wasu za su zo daga sama su sayar, gari ko sisi ba zai gani ba. Rijiyar burtsatsen da kuke ɗiban ruwa daga ina ta fito? Rufin masallaci fa?"

Na ce, "Ban ce ƙarya kake yi ba. Amma ruwa ba a kwana a cikinsa. An ba kakanka, an ba kakarka, an ba ka. Ko inda za a ɗaure akuya bai rage ba?"

"Duk an sayar."

"An ce ka ware wa kanka."

Ya ce, "Na yara ne, Yaya. Su ma gobe za su nemi wurin zama." Sai ya yi ƙasa da murya, bai ɗago ba. "Ɗakin da kike kwana a ciki ma, ai kin san daga inda ya fito."

Na sani. Tun ranar da aka sauke yashi a ƙofar gidana na sani. Bai faɗa don ya ci mini fuska ba, gaskiya ya faɗa, ita ce ta fi zagi zafi. Na sunkuya na ajiye tubalin a gefen ƙofarsa, a kan siminti, na juya. Ya ce a kawo mota a mai da ni, na ce ƙafar da ta kawo ni daga Gafasa ba ta manta hanya ba.

Da matar nan ta zo da safe na miƙa mata makullin sabon ɗaki. Na riga na kwashe tabarmata da buta na mai da ɗakin Inna. Ta dubi makullin, ta dube ni.

Na ce, "Ni ce uwar Alhajin. Ni ce kuma yarinyar mai akuya."

Ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Hajiya, da na sani da ban faɗa ba."

Na ce, "Da kin sani da ban ji ba."

Ta jujjuya makullin. Ta ce, "In Allah ya yi miki rasuwa, ɗakin na wa?"

"Nasa."

"To aro ne ke nan."

Na ce, "Aro ne."

Ta karɓa don yara. Ta gode mini, godiyar da ta fi komai sa ni sunkuyar da kai. Inna ba aro aka ba ta ba. Kuma ita kaɗai ce na iya ɗauka. Sauran na makaranta sun watse. Wasu sun tafi birni suna kwana a kangaye, wasu sun koma bakin kogin suna sake gini a inda ruwa zai sake dawowa. Wani tsoho da iyalinsa sun kafa leda a jikin katangar ɗaya daga cikin filayen nan da ba kowa a ciki, har mai gadi ya zo ya tashe su. In zan je asibiti a adaidaita sahu ta nan ake bi, sai in ja mayafi in rufe fuska, kamar katangun za su gane ni.

Yaron nan ya aiko da buhun shinkafa, ya ce a ba baƙuwa. Ta dafa, muka ci tare. Tubalin kuwa Auta ta ce ya hana a taɓa shi. Yaran gidan suka so jefarwa, ya daka musu tsawa. In zai shiga da mota sai ya kauce masa. Amma bai ɗauka ba. Inna takan ce tubali in yana cikin gini ya fi mai shi daɗewa, in yana waje shi kaɗai ruwa ɗaya ne ajalinsa. Aka yi ruwan ƙarshen damina. Auta ta je da safe ta dawo, na tambaye ta, ta ce ba komai a wurin sai jan tabo a kan siminti, ya bi gangare ya nufi kwata.

Ina nan a ɗakin Inna. Kwanon yana yoyo ta gefen gabas, sauro ya dawo, bayan ma ya dawo da ciwonsa. Tubalin surukina yana nan a gefen ƙofa yadda ya ajiye shi, a karkace, ba a yaɓe ba. Inna ta ce in riƙa durƙusawa in kalle shi. Yanzu ba sai na durƙusa ba. Baya ya tanƙware, ina fitowa shi nake fara gani.